Addu'a ko Allura? Tarihin Wata Muhawara da Maƙwabtanmu Kiristoci Suka Gada

Yau wani tsohon bashi nake so in sauke, bashin wata hira da muka taɓa yi da wani dattijo maƙwabcinmu, wadda takan faɗo mini a rai duk shekara idan kaka ta yi, aka fara kawo labarin saran maciji daga kudancin jihar nan.

Kamar da yawa daga cikinku, ni ma haifaffen Gombe ne amma asalina ba nan ba ne. Auduga ce ta kawo mahaifina, Allah Ya jiƙansa, daga ƙasar Katsina, a 'yan shekarun nan da ke tsakanin kafa injin gurza a 1956 da isowar jirgin ƙasa a 1963. In ma za a bi ta tarihi, garin kansa bai daɗe a inda yake ba, domin sai a 1919 aka dawo da fadar Sarkin Gombe nan Doma daga Nafada. Mu muka gangaro daga yamma da arewa da ma'auni da buhu, su kuma Tangale da Waja da Tula da Dadiya suka hauro daga kudu da takardar makaranta, suka zama malamai da ma'aikatan asibiti da akawuna da 'yan sanda. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Bolari da Tudun Wada da Sabon Layi, muna kai musu naman layya suna aiko mana da shinkafar Kirsimeti, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da ake jayayya a kansa a cikin majami'unsu. Mun ɗauka duk bakinsu ɗaya.

Shi wannan dattijo Batangale ne, tsohon malamin firamare, kuma ɗaya daga cikin dattawan wata majami'ar ECWA a garin nan. Wata shekara jikansa ya je ƙauye hutu yana taya aikin girbi, garin ɗaga damin dawa sai kububuwa ta sare shi a hannu. Gwaggon yaron, wadda ta riga ta bar ECWA ta koma wani ɗakin addu'a irin na zamani, ta ce ba inda za a kai shi, a can za a kwana ana roƙo. Aka kwana. Da safe yaro ya tashi garau in ban da kumburi, har ya sha kunu, aka yi ta murna. Can da yamma sai jini ya fara tsatsafowa daga dasashinsa, wani tsohon ƙurji da ya riga ya bushe a ƙafarsa kuma ya buɗe. Labari na isowa Gombe, dattijon bai tsaya sallamar kowa ba, ya ɗauki shatar mota cikin dare, ya kwashi yaron sai Kaltungo. Aka yi masa allura, ya kwana huɗu, aka sallame shi. Ranar Lahadi iyalin suka shirya zuwa coci yin godiya, har da akuya a ɗaure. Da yake muna wasa da shi, sai na ce, "Baba, to wa za a gode wa, Allah ko likita?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tuwon da ka ci jiya, da ka ce alhamdu lillahi, uwar gidanka ta yi fushi?" Sannan ya gyara zama ya ce tambayar nan tawa ta girmi ubana, kuma sai da aka binne mutane a kanta kafin cocinsu ya san amsar da zai bayar. A lokacin na ɗauka azanci ne kawai irin na tsofaffi. Sai da na bi tarihin na ga ashe kaburburan suna nan, har da sunayen masu su.

Maganar a kan sauro ta faro, tun kafin a zo kan maciji. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, da Turawa kusan 150 a ciki, har da masu wa'azi. Cikin 'yan watanni zazzaɓi ya kashe fiye da 40, sauran suka juya da ƙyar. Shekara 13 bayan haka, a 1854, wani likita mai suna William Baikie ya jagoranci jirgi ɗaya, ya hau Binuwai har ƙasar Muri, maƙwabtanmu ta kudu, ya dawo bai rasa mutum ko ɗaya ba. Kogin bai sake ba, sauron ma yana nan. Abin da ya sake shi ne Baikie ya tilasta wa Turawansa shan kwinin kullum, maganin da aka tace daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka tun 1820. Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angalika, yana cikin tafiyar farko, yana kuma cikin ta biyu. Da idonsa ya ga bambancin. Abin mamakin shi ne a lokacin ba wanda ya san dalilin da ya sa kwinin ke aiki, ana zaton gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo cutar. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya hango ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. (Kada mu manta kuma, kwinin ɗin da ya tsare 'yan mishan shi ne ya tsare hafsoshin da suka kawo yaƙi har Burmi, a nan ƙasar Gombe, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903.)

Mai karatu zai zaci tunda an samu magani ai magana ta ƙare. Ina! A ƙarshen wannan ƙarnin ne ma wata koyarwa ta yi ƙarfi a tsakanin wasu Kiristocin Amurka da Ingila, wadda ake kira warkarwa ta bangaskiya. Cikin manyan jagororinta akwai A. B. Simpson, wani fasto ɗan Kanada da ke zaune a New York. Abin da suke cewa shi ne, bisa ga imaninsu, mutuwar Yesu a kan gicciye ta ɗauke zunubi ta kuma ɗauke cuta, saboda haka lafiya hakki ce ta mai bi na sosai, ya roƙa kawai a ba shi; wanda ya miƙa hannu ga kwalbar magani kuwa ya nuna raunin bangaskiya ke nan. Ba su kuma rasa hujja daga littafinsu ba. Akwai labarin Sarki Asa da aka zarga da neman likitoci maimakon neman Ubangiji, akwai kuma umarnin a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a su shafa masa mai. A 1890 wasu matasa 'yan mishan daga jihar Kansas suka sauka a Saliyo da wannan aƙida, da niyyar su ratso har ƙasashenmu. Zazzaɓi ya kama su, suka ƙi shan magani, uku suka mutu cikin 'yan makonni, har sai da hukumar Turawa ta wurin ta sa baki.

To daga cikin wannan da'irar ne mutanen da suka kafa mishan ɗin SIM suka fito, ita ce kuwa uwar ECWA. Walter Gowans ya yi karatu a makarantar Simpson, Rowland Bingham kuma ya yi aiki a ƙarƙashin wani fasto a Toronto mai bin wannan koyarwa. Su biyun da abokinsu Thomas Kent suka sauka Legas a watan Disamba na 1893, burinsu ƙasar Hausa. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka yi gaba. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai a 1895, ya je ya miƙa wa mahaifiyar Gowans 'yan kayan ɗanta. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka sa shi a jirgi aka mayar. Sai a karo na uku, cikin 1902, mutanensa suka samu gindin zama a Patigi.

Ku duba halin da mutumin nan ya samu kansa. Ya rasa abokai biyu waɗanda ba ya shakkar imaninsu ko kaɗan, tunda sun bar gida da dangi sun zo sun mutu a ƙasar da ba su san kowa ba. Ko dai ya ce bangaskiyarsu ce ta gaza, ko ya ce koyarwar da suka taso a cikinta ce ke da gyara. Bingham ya zaɓi na biyun. Ya je ya koyi ɗan aikin jinya a wani asibiti a Amurka, daga baya kuma, a 1921, ya wallafa wani ɗan littafi mai suna The Bible and the Body, wato Littafi Mai Tsarki da jikin mutum, yana mayar da martani ga tsofaffin malamansa. Bai musa cewa Allah na warkarwa ba, har ta hanyar al'ajibi idan Ya so. Abin da ya musa shi ne a ce an yi wa kowane mai bi alkawarin lafiya a duniyar nan, da kuma a ce shan magani rashin imani ne. A ganina wannan matsayin shi ne ya sa dattijon maƙwabcina ya ɗauki shatar mota a daren nan ba tare da zuciyarsa ta zarge shi ba, ko da yake ban taɓa jin ya ambaci sunan littafin ba.

Wanda ya mayar da matsayin aiki shi ne Andrew Stirrett, mai shagunan sayar da magani a Toronto, wanda ya bar kasuwancinsa ya miƙa dukiyarsa ga mishan ya zo a 1902. Hausawa suka laƙaba masa Bature Mai Magani. Shi ne ke matsa wa sababbin zuwa lamba a kan shan kwinin kullum, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932, ya zauna a ƙasar nan har ya mutu a Jos a 1948. Daga nan SIM ta zama mishan mai asibiti. Turawan mulki sun hana ta wa'azi a cikin masarautu, amma a ƙarshen shekarun 1930 aka ba ta riƙon sansanonin kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda da yawa daga iyayenmu suka je aka cire musu yana, a 1950 kuma ta buɗe na Galmi a Nijar.

Wannan hanin wa'azin ne ya sa Kiristanci ya shigo ƙasar Gombe ta ƙofar kudu. A 1917 John Hall da Gordon Beacham na SIM suka sauka Kaltungo. Sun tarar da mutanen da suka riga suka san Mahalicci, suna kiranSa Yamba, kuma kamar kakanninmu Maguzawa, idan masifa ta auku ba su tsayawa ga yadda ta auku. Kowa ya san maciji ne ya yi saran. Tambayar ita ce wa ya aiko shi, me ya sa ya bar mutum goma a gonar ya zaɓi wannan. Mishan ta zo da ɗakin shan magani a hannu ɗaya da majami'a a ɗayan: ga kwalba don ciwon, ga kuma koyarwar cewa ba maye ko dodon da ke da iko a wajen yardar Allah. 'Ya'yan waɗanda suka fara karɓa su ne suka zama malaman asibiti da unguwarzoma na farko a yankin nan, kuma da aka miƙa wa 'yan ƙasa ragamar coci da sunan ECWA a 1954, sun gaji asibiti da majami'a a matsayin abu ɗaya.

Sai dai ba duk Kiristocin Nijeriya ne suka bi wannan hanya ba, kuma gwaggon yaron nan tana da nata kakannin. Lokacin annobar murar nan mai kisa ta 1918, wadda likitocin Turawa ba su da maganinta, wasu 'yan cocin Angalika a Ijebu-Ode suka kafa ƙungiyar addu'a, daga baya suka ƙulla alaƙa da wata majami'a ta Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda ta haramta shan kowane irin magani. Akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yaɗa ta har Kaduna da Zariya da Jos da Kano. A 1930 Joseph Ayo Babalola ya yi taron farkawa a Ilesha, dubban mutane suka taru, suna zubar da layu da guraye da kwalaben magani baki ɗaya, suna shan ruwan da aka yi wa addu'a. A yi musu adalci: a idonsu ƙullin boka da ƙwayar Bature duk abu ɗaya ne, dogaro ga wanin Allah, kuma sun ga ranar da ƙwayar Baturen ba ta tsinana komai ba. Da hukuma ta takura musu sai suka gayyato Turawan wata majami'a ta Birtaniya mai suna Apostolic Church a 1931 don su samu inuwa. Zaman bai yi shekara goma ba aka gano Turawan nan suna shan kwinin. Su suka ce ai rigakafi ne, kamar gidan sauro. Babalola da David Odubanjo da Isaac Akinyele, wanda daga baya ya zama Olubadan na Ibadan, suka ce munafunci ne. Wajen 1940 aka raba gari, aka samu cocin da yanzu ake kira Christ Apostolic Church. Kun ga ke nan ƙwaya ɗaya ce, kwinin, ta sa Bingham ya bar koyarwar malamansa, ta kuma sa waɗannan suka bar Turawansu. Yau CAC ta sassauta ƙwarai, mabiyanta na zuwa asibiti, har jami'a ta buɗe da sunan Babalola a 2006. Amma tsohuwar aƙidar ba ta mutu ba, ta koma ƙananan ɗakunan addu'a da ke tsirowa a lunguna, irin wanda aka kwana da yaron nan a ciki.

Yanzu bari mu dawo kan kububuwa, domin a kanta ne muhawarar ta fi zafi a ƙasar nan, kuma a kanta ne kimiyya ta faɗi wani abu da ya kamata kowa ya ji. Gajeriya ce, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, launinta irin na ƙasa, tana son wuri mai duwatsu irin na Kaltungo da Billiri da Balanga, kuma lokacin shuka da lokacin girbi ne ta fi haɗuwa da manomi. Dafinta yana tayar da sinadaran da ke daskarar da jini gaba ɗaya a lokaci guda har su ƙare, jinin ya koma kamar ruwa, wani ɓangaren dafin kuma yana cin bangon jijiyoyi. Shi ya sa mutum zai iya yin kwana ɗaya ko biyu yana tafiya yana hira alhali yana zubar da jini ta ciki, ajali kuma yakan zo ne daga baya, idan jinin ya ɓalle a ƙwaƙwalwa ko a ciki. Safiyar nan da aka yi murna yaro ya sha kunu, ita ce tarkon.

A shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, da ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi diddigin wannan sara tare da abokan aikinsa, har da asibitin mishan na Bambur da ke jihar Taraba ta yau. A 1977 suka fitar da bayani kan majinyata 115, suka kuma kawo wani gwaji mai sauƙin gaske da har yanzu ake amfani da shi: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. In ya daskare, to da sauƙi. In ya kwarara, dafi ya shiga, sai allura. Ba ya bukatar wutar lantarki, ba ya bukatar na'ura.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan kububuwa ta sari mutum 100 ba a yi musu allura ba, tsakanin 10 da 20 ne ke mutuwa. Wato 80 zuwa 90 za su tashi, ko me aka yi musu, ko ma ba a yi musu komai ba. Ƙara da waɗanda macijin da ya sare su ba mai dafi ba ne, da waɗanda aka sara amma dafi bai shiga ba. Saboda haka mai ɗakin addu'a da ya ce ya yi wa mutum takwas addu'a sun tashi, ba ƙarya yake yi ba. Haka boka. Haka ma namu masu tofi da rubutun sha da masu sayar da garin magani a tasha, kada mu yi kamar maganar ba ta shafe mu ba. Kowa yana da shaidunsa na gaskiya, masu rai, masu tabo a ƙafa. Biyun da suka mutu ne ba su tashi ranar Lahadi su ba da shaida. Sai an ƙirga, a rubuta wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, sannan bambancin ke fitowa. An kuwa ƙirga. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokin aikinsa sun duba rajistar Kaltungo ta shekara uku, daga 2007 zuwa 2009: mutum 6,687 aka kawo, 94 suka mutu, ƙasa da biyu cikin ɗari, kuma sun nuna cewa kowace sa'a ta jinkiri tana ƙara haɗarin.

Ita kanta allurar labarinta abin ji ne. Tun shekarun 1890 Albert Calmette na Faransa ya gano cewa idan ana yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan, jininta kan ƙera garkuwar da za a iya tacewa a ba mutum, Vital Brazil na ƙasar Barazil kuma ya nuna cewa kowane jinsin maciji da irin garkuwar da ke kama dafinsa. Wadda aka yi don kububuwarmu ana kiranta EchiTAb. A nan Nijeriya aka kama macizan, aka sa su a jirgin sama zuwa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool, garin da samarinmu suka fi sani da ƙwallo, aka tatsi dafinsu, aka yi wa tumaki allurarsa a yankin Wales da dawaki a ƙasar Kosta Rika, aka tace, aka dawo da shi cikin kwalba. An gwada nau'in biyu a kan majinyata 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. Ran da na gaya wa dattijon cewa daga jinin tumaki ake tace irin maganin da ya ceci jikansa, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce su da suke kiran Yesu Ɗan Rago, lallai wannan sai ya shiga wa'azi.

To yaya masu irin fahimtarsa suke haɗa wannan duka da imaninsu cewa Allah ne ya warkar? Amsar tsohuwa ce. Malaminsu na ƙarni na 13, Thomas Aquinas, ya ce Allah shi ne sababi na farko, Shi ya halicci sabubba na biyu kuma Ya ba su aiki na gaske. Saboda haka ba rabon gado ake yi ba, a ce rabi na Allah rabi na allura. Aikin duka na allurar ne ta fuskar yadda ya auku, duka kuma na Allah ne ta fuskar wanda Ya halicci dafin da tunkiyar da hankalin likitan. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Imam Gazali ya kawo misalin wuta da auduga, ya ce Allah ne ke halittar ƙonewar a yayin da suka haɗu, Ibn Rushd ya mayar masa da martani, amma ba a ji ɗayansu ya ajiye fitila kusa da buhun auduga ba, mu 'ya'yan 'yan auduga mun san wannan. Shi dattijon misalin da ya fi so shi ne na Sarki Hezekiya: Annabi Ishaya ya kawo masa albishir cewa an ji addu'arsa an ƙara masa shekara 15, shi ɗin dai kuma ya ba da umarni a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun.

Ban ce amsar ta share kowace ƙura ba. Akwai fastocin da ba su ganin hannun Allah sai inda aka ce likitoci sun kasa, wanda ke nufin duk ran da likita ya ƙara sani, sai wurin Allah ya ƙara matsewa a wa'azinsu. Masu zurfin karatu a cikinsu sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Akwai kuma ayoyin da ɗaya ɓangaren ke riƙe da su, kamar ƙarshen Bisharar Markus da ke maganar masu bi da macizai, da labarin Manzo Bulus da maciji ya maƙale wa a hannu a tsibirin Malta bai yi masa komai ba. Mutanen ECWA kan amsa da cewa Bulus bai je neman macijin ba, kuma Yesu da kansa ya ƙi ya diro daga kan Haikali don ya gwada Allah. Sannan ga tambayar Tangale ta tun fil azal, wadda kwalbar minti 20 ba ta amsa ta: me ya sa ɗana? Iyayen mutum 94 ɗin nan sun kai nasu asibiti kamar kowa.

Ɓangaren magani ma yana da nasa abin kunya. Baƙin dutsen nan da ake manna wa a bakin sara, wai yana zuƙe dafi, 'yan mishan na Katolika ne suka yaɗa shi a Afirka da kyakkyawar niyya, ƙonannen ƙashi ne, kuma gwajin da aka buga a 2007 ya nuna ba ya hana dafi aikinsa. A wani asibiti a tsakiyar Ghana, a farkon shekarun 2000, an sauya allura mai kyau da wata mai araha da aka yi don macizan Indiya, mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. A 2014 kamfanin Sanofi ya daina yin Fav-Afrique, ɗaya daga cikin alluran da Afirka ta fi dogaro da su, don ba ta kawo riba. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, alhali ƙiyasinta ya nuna yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Manomin da ya taɓa kai ɗan'uwansa aka ce magani ya yanke, ko aka ce ya sayo a waje da kuɗin da ya kai na amfanin gonarsa duka, in ya nufi ɗakin addu'a a karo na gaba, ni dai ba zan kira shi jahili ba.

Dattijon nan ya riga mu gidan gaskiya. Har ya mutu bai taɓa yin musu da 'yarsa, gwaggon yaron, a kan daren nan ba. Ita ta tsaya a kan cewa addu'ar da suka kwana suna yi ce ta riƙe yaron har motar ta iso, shi kuma yakan ce mai yiwuwa ne, Allah ne masani. Abin da kawai ya ɗaukar wa kansa shi ne duk shekara idan kaka ta gabato, yakan tashi a lokacin sanarwa a coci ya ce duk wanda maciji ya sari nasa, a sa shi a mota tukuna, addu'ar a yi ta a hanya, titin Kaltungo yana da tsawon da zai ishi kowa. Ya kuma saya wa jikokinsa dogayen takalman roba, waɗanda aka ce mini ba su cika sawa ba saboda zafi. Akuyar godiyar nan kuwa, daga baya na ji ashe gwaggon ce ta kawo ta.